Agwagin Saje a Ɗakin Bahiga

Shekarar da gwamnati ta ɗinke aljihunan 'yan sanda, a shekarar agwagwa ta yi tsada a garinmu.

Wani kwamiti aka turo daga Alƙahira, wai shi Kwamitin Tsarkake Aikin Ɗan Sanda. Mutum uku ne, kowa da kwat da jakar hannu. Suka zauna suka yi dogon nazari, suka gano cewa cin hanci ta aljihu yake shiga. Nan da nan aka ba da umarni a ɗinke duk aljihun da ke jikin kaki, na riga da na wando, teloli suka yi ta yi wa gwamnati addu'a. Aka kuma sanar cewa kwamitin zai riƙa faɗawa gidajen ma'aikata ba sallama, ya buɗe tukunya ya ga ko ta fi ƙarfin albashi.

Mutanen garinmu kuwa masu bin doka ne. Tunda an hana abin da ke shiga aljihu, sai suka koma ga abin da ba ya shiga. Direban da takardunsa suka mutu, da mai shagon da ya cinye rabin titi da kayansa, da uban da ɗansa ya kwana a bayan kanta, kowa ya tuna yana da dangi a ƙauye, kuma dangin nan suna kiwo.

Matsala ɗaya ta rage: agwagwa tana kuka, kwamiti kuma yana da kunne. Shi ya sa wata rana da hantsi Saje Gamil ya tuna da yayarsa.

Yayar tasa, Bahiga, tana zaune a ɗaki ɗaya can ƙololuwar benen Hagg Bayumi (haka muke cewa Alhaji, Hajiya kuma Hagga), inda matan gidan ke shanya. Ɗakin da mijinta ya mutu ya bar ta a ciki ke nan, da gadon ƙarfe, da risho, da tukunyar na'a-na'a a bakin taga. Hayar irin ta tsohuwar doka ce: ba a ƙari, ba a kora, sai in ɗan haya ya mutu ko ya mai da wurin kwana wurin sana'a. Abin da take biya a wata ba ya sayen tabar Hagg Bayumi ta yini guda. Saboda haka duk unguwar babu wanda ya kai shi damuwa da lafiyarta. Kullum suka haɗu a ƙofa sai ya tambayi ƙirjinta, in ta ce da sauƙi, ya ce alhamdu lillahi a hankali, kamar mai haɗiyar magani.

"Abla! Kina nan?" in ji Gamil daga bakin ƙofa, don a wajenmu haka ake kiran yaya mace.

"Ina zan je? Shigo, Gamil. Kai, ji haki kamar jakin mai kalanzir. Wannan tumbin dai ba na albashi ba ne."

"Don Allah kar ki ƙara faɗin haka ko da wasa, kwamiti na gari."

Ya zauna a bakin gado, ya kai hannu inda aljihu yake a da zai zaro hankici, hannun ya zame. Sai ya share gumi da hularsa. A bayansa wani direban bas ya shigo, agwagwa ɗaya a kowace hammata, ya ajiye su, ya gaishe ta da ladabi kamar surukarsa, ya sauka.

"Waɗannan fa?"

"Baƙi ne. Ba za su daɗe ba."

"Gidanka rushewa ya yi?"

"Abla, ke kika raine ni. Ke kika wanke ni, kika ɗauke ni, kika kai ni makaranta. In ban ba ki amana ba, wa zan ba?"

A garinmu in ƙani ya fara tuna alheran da aka yi masa, to wani sabo yake shirin karɓa. Bahiga ta san da haka sarai. Amma da ta dubi agwagin, ta dubi ƙanin nata ya ɗage ƙafafu sama don kar su matso kusa da shi, sai dariya ta kama ta. Tun yana ƙarami da wata dinya ta bi shi da gudu har cikin rafi, bai sake yarda ya taɓa mai fiffike ba sai a faranti.

"To, bar su," in ji ta. "Amma ka zo ka ɗauke abinka da wuri. Ka san Bayumi."

Da farko ba laifi. Har hira take yi da su in ta fito shan hantsi. Sai dai agwagin Saje suna da wata baiwa da malaman gona ba su sani ba: suna yaɗuwa ba tare da sun kwanta a kan ƙwai ba. Kafin wata ya mutu sun zama garke. Sai ga tattabaru a kwando. Sai ga zomaye a akwatin lemo. Sai ga dinya uku masu halin 'yan daba. Ranar da aka saki wani mai fasa-ƙwaurin sigari, rago ne guda aka turo shi sama, ƙarti biyu suna ja, ɗaya yana turawa, shi kuma yana barin shaida a kowace matakala.

Mutane ma suka daina bi ta wajen Gamil. Kai-tsaye suke hawowa.

"Nan ne wajen Abla Bahiga? An ce nan ake kawowa."

"Ake kawo me?"

"Haba, ke ma kin sani. Ki ce wa Basha daga Usta Hilmi ne, mai gyaran babur. Maganar yaron nan nawa."

"Ni ban san yaronka ba."

"Shi ya san shi. Shi ya kama shi."

A wajenmu kowane ɗan sanda Basha ne, muddin ɗanka yana hannunsa. Usta Hilmi ya ajiye kaji biyu a bakin ƙofa ya juya, bai ma tsaya jin tana cewa ya dawo ya ɗauki kayansa ba.

Ranar Juma'a Suhair, matar Gamil, ta hawo da takalmi mai tsini, turare yana gaba tana baya, hankici a hanci.

"Sannu Abla! Kai, masha Allah, wurin naki ya yi rai. Dama ina ce wa Gamil kaɗaici ne ke sa ki tarin nan. Likitoci ma sun ce kiwo yana ƙara wa manya lafiya."

"Wane likitan? In aika masa dinya ɗaya ya gwada."

Suhair ta yi irin dariyar da ake yi wa dangin miji, wadda ba ta wuce haƙori. Ta zagaya tana leƙa kwanduna.

"Amma fa sun rame. Ba kya yi musu ɗura? Gamil ba ya son nama mai ƙashi. Wake za ki jiƙa da masara, ki matse ta tsakanin gwiwoyinki, ki buɗe bakin ki tura da yatsa har ya sauka. Safe da yamma. Haka mahaifiyata ke yi."

"Ke kin taɓa yi?"

"Farcena ba zai bari ba."

Ta zaɓi biyu masu ɗan dama, ta ce a yanka a fige a kai mata a baƙar leda, a ɗora ganye a sama. Ta kwashe ƙwan da ta gani. Har ta kai bakin matakala ta juyo, cikin karamci, ta ce kai da ƙafafu Abla ta riƙe, suna da daɗi a romo.

Daga nan kwanakin Bahiga suka koma na agwagwa. In ta idar da asuba sai ta zauna a kan juyayyen bokiti, ta cafko ɗaya, ta matse, ta tura, ta saki, ta cafko wata. Yatsunta suka tsattsage. Gwiwoyinta suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Famfon sama ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, don haka daga ƙasa take ɗaukowa, tana tsayawa a kowane hawa tana tari. Gashin tsuntsu ya shiga shayinta, ya shiga gurasarta, ya shiga ƙirjin nan da Hagg Bayumi ke yi wa fatan alheri. Ragon ya cinye na'a-na'ar, ya bi da rabin zanen gadon Umm Ragab, maƙwabciyarta ta hawan ƙasa, wadda suka yi shekaru suna shan shayin la'asar tare.

"Ni ba ruwana da arzikin da Allah ya ba ki," in ji Umm Ragab, tana riƙe da ragowar zanen. "Amma ki ci shi ke kaɗai, kar ki haɗa da kayan aurena."

"Wane arziki, 'yar'uwa? Ko ƙwai ba na ci."

"Haka dai. Duk unguwa an ce in mutum yana son ɗansa ya fito, ke ce ƙofa."

Shayin la'asar ya mutu a ranar. Matan gidan suka koma shanya a tagoginsu. In Bahiga ta wuce a matakala, hira takan tsaya ta jira ta wuce.

Da ruwan hunturu ya sauka, don a garinmu da sanyi ake ruwan sama, Gamil ya hawo da kansa, wani kurtu yana biye da shi rungume da talo-talo kamar jariri.

"Wannan na babban Basha ne, shugaban ofishinmu. Ya ji labarin amanarki. Girmamawa ce, Abla, ba kowa ake ba ajiyar shugaba ba."

"Ina zan sa shi? Ko'ina ruwa ne."

Gamil ya dubi sama, ya dubi ɗakin. "In ya yi mura, ni zan kwanta asibiti."

Talo-talon ya shiga ɗaki, ya zaɓi kan gadon ta wajen filo, kamar ya san muƙamin ubangidansa. Zomaye ma ba sa son jiƙa, sai suka bi shi, suka tare a ƙarƙashin gado. Bahiga ta koma barci a takure a wajen ƙafafu, mayafi a hanci.

A makon ne Hagg Bayumi, wanda rabonsa da hawa saman nan tun ƙafafunsa na da ƙarfi, ya iso da carbi a hannu ɗaya, ƙullin dusa a ɗaya. Fuskarsa kamar ranar salla.

"Tabarakallah! Sitt Bahiga, ashe haka sana'a ta buɗe ba mu sani ba? Ga dusa kaɗan, a ƙara musu. Har cikin ɗaki? Masha Allah. Allah ya ƙara kasuwa."

"Ba sana'a ba ce, Hagg. Ajiya ce."

"Ajiyar wa?"

Ta sunkuya ta kori wata agwagwa daga bakin ƙofa.

"To, ai shi ke nan," in ji shi cikin taushin murya. "In akwai mai ajiyar, ya zo ya faɗa da bakinsa. In babu, Allah ya sa albarka a sana'a."

Ya sauka yana jan carbi da sauri. A karo na farko bai tambayi ƙirjinta ba. Ya sami hanyar da ta fi jiran mutuwarta kusa.

Washegari ta sa baƙar rigarta ta fita unguwa ta tafi gidan Gamil. Da ƙyar ta gane falon. An kwashe kujerun nan masu ruwan zinari, an shimfiɗa tsohuwar darduma mai ƙuna a gefe. Babbar talabijin ta yi ƙaura zuwa bayan kwaba. A tsakiyar falo an ajiye kwanon wake da albasa, wanda ba mai ci, yana jiran kwamiti. Daga uwar ɗaki kuwa ƙamshin miyar lalo da zomo ke fitowa. Suhair ta cire awarwaronta, amma sun bar farin zobe a fatar hannu, shi ya sa take sa dogon hannu ko da tana gaban murhu.

"Kin ga halin da muke ciki, Abla," in ji ta. "Kamar 'yan gudun hijira a gidanmu. Ke kam kin huta, ba mai leƙa tukunyarki."

Gamil ya fito yana sakace.

"Gamil, Bayumi ya hawo jiya. Ya kira abin sana'a har sau biyu. Ɗakin nan yake so, kai ma ka sani. Ku kwashe kayanku."

"Bayumi? Wannan tsohon? In na aika masa kurtu ɗaya sai ya manta sunansa."

"To aika."

"Yanzu? Kwamiti na gari? So kike a ce ina amfani da kaki ina tsorata jama'a?"

"To ku kwashe."

"In kai su ina? Nan? Abla, ki riƙa tunani mana. Duk abin nan don wa nake yi? Don sunan gidanmu. Sunan mahaifinmu ne a ƙirjina."

"Ni ina kwana da talo-talo."

"Na shugaba," in ji Suhair, don a gyara magana.

"Yaushe za ku kwashe?"

"Da zarar kwamiti ya tafi."

"Yaushe zai tafi?"

Gamil ya yi dariya, ya jefar da tsinken. "Wannan kuma sai ki je ki tambaye su."

Mutum ya kiyayi yin ba'a da wanda ya daɗe bai yi barci ba. Bahiga ta koma gida tana juya maganar, ta ga ba ta da aibi. Kwamitin nan mutane ne, suna da iyaye mata. In ta je ta roƙe su su hanzarta aikinsu su koma wajen iyalinsu, kowa ya huta. Ba ƙarar kowa za ta kai ba. Tambaya ce kawai.

Amma ba a shiga ofis hannu rabbana. Wannan ko yaro ya sani a garinmu, kuma a 'yan watannin nan ta ga da idonta abin da ake shiga da shi. Ta zaɓi agwagwar da ta fi kowace cika hannu, ta wanke mata ƙafafu, ta ɗaure su da tsumma mai tsabta, ta saƙale ta a hammata.

Ofishin kwamitin yana saman ginin hukumar gari. Sauran biyun sun tafi hutun ƙarshen mako tun ranar Laraba, sai Ustaz Midhat kaɗai, siriri mai tabarau, wanda ya yi watanni yana buɗe tukwanen wake a gidajen 'yan sanda, har warin albasa ya kama kwat ɗinsa. Bai kama ko kurtu ɗaya ba. A bayansa an manna babbar takarda mai hoton hannu an ja masa jan layi.

Bahiga ta yi sallama, ta ɗora agwagwar a kan tebur. Agwagwar ta dubi Ustaz Midhat. Ustaz Midhat ya dubi agwagwar.

"Hagga, wannan mene ne?"

"Ba yawa, ɗana. A yi wa yara miya."

"Kin san inda kika shigo?"

"Na sani. Ni ba wata babbar buƙata ce da ni ba. Tambaya ce: yaushe za ku gama ku tafi?"

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Me ya sa kike so mu tafi?"

"Ba korarku nake ba, wallahi, garin Allah ne. Baƙi ne suka cika min ɗaki, irin wannan, da 'yan'uwanta, da rago, da wani talo-talo marar kunya. Mai su ya ce ba zai kwashe ba sai kun tafi. Ni kuma mai gida yana neman dalili."

"Mai su," in ji Ustaz Midhat a hankali, kamar mai tsoron kar tsuntsu ya tashi. "Wane ne mai su?"

A nan ne ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta dubi hoton hannun nan mai jan layi. Ta ja mayafinta.

"Na manta."

"Ba komai, Hagga, mantuwa ta kowa ce. Sunanki fa, kina tune da shi? Da na mahaifinki?"

Wannan ba a iya mantawa. Ta faɗa. Fuskar Ustaz Midhat ta yi wani haske da ba ta yi ba tun da ya baro Alƙahira, don sunan mahaifin yana rubuce a ƙirjin wani saje da ya taɓa ba shi wake da albasa.

"Gobe da safe za mu zo mu gaida baƙin naki," in ji shi. Agwagwar kuma ya ce a bar ta, shaida ce.

Labari ya riga ta isa caji ofis, don masinjan kwamitin ƙanin matar wani kofur ne. La'asar ba ta yi sanyi ba Gamil ya iso sama, wannan karon bai tsaya haki ba.

"Agwagwa! Wa kwamitin hana cin hanci! A kan teburinsa! Abla, wa ya aike ki?"

"Kai ka ce in tambaye su."

Ya buga hularsa a cinya. Ya yi faɗa, ya yi zagaye, dinya ta yi masa tsawa ya koma gefe. Da faɗan ya ƙare sai ya durƙusa a gabanta a cikin kashin kaji, ya kama hannunta mai tsaguwa ya sumbata.

"Ki saurare ni. In kika ce nawa ne, kaki ya tafi, fansho ya tafi, ni kuma gidan yari. Shugaba ma ba zai bar ni da rai ba. 'Yata tana shirin shiga jami'a. Amma in kika ce naki ne, kiwo kike kina sayarwa, ba laifi ba ne. Wace tsohuwa ce ba ta kiwo a ƙasar nan?"

"In na ce ina sayarwa, Bayumi ya samu abin da yake nema."

"Ɗaki! Ina maganar rayuwata kina maganar ɗaki?"

"Shi ke gare ni, Gamil."

"Kina da ni! Ina raye ki rasa wurin kwana? Ni? Na rantse da ran 'ya'yana, gidana gidanki ne."

Hawaye na gaske yake yi. Abin da ke ɓata lissafi game da Gamil ke nan: in yana kuka, har shi kansa yarda yake yi.

Da safe saman bene ya cika. Ustaz Midhat ya zo da magatakarda. Gamil ya tsaya a gefe cikin kaki mai guga, yana kallon sararin sama kamar bai taɓa ganin wurin ba. Hagg Bayumi, saboda son baƙi, ya sa an hawo da kujeru da shayi, ya kuma gayyato ɗan ƙanwarsa lauya da dattawa biyu daga masallaci, wai su sha iska.

"Hagga," in ji Ustaz Midhat, "ki ji tsoron Allah, kar ki ji tsoron kowa. Gwamnati tana bayanki. Dabbobin nan na wane ne?"

Bahiga ta dubi ɗakinta, ƙofar a buɗe, talo-talo yana leƙowa daga kan gado. Ta dubi ƙaninta. Yana ta murza maɓallin rigarsa, yadda yake yi tun yana yaro in ya fasa wani abu.

"Nawa ne."

"Jiya kin ce akwai mai su."

"Tsufa ne, ɗana. Ni ce mai su. Ina saye ina sayarwa."

"A ina?"

"A nan."

"Gafara dai, Ustaz," in ji Hagg Bayumi, ya kanga hannu a kunne. "Kunnena ya yi nauyi. Ta ce a ina?"

"A nan, Hagg," in ji Bahiga da ƙarfi. "A ɗakinka. Ka ji, ko in sauka in faɗa a titi?"

Dattawan biyu suka gyaɗa kai. Lauyan ya kurɓi shayi.

Ustaz Midhat bai haƙura nan take ba. Ya kira Usta Hilmi, Usta Hilmi ya rantse sayar mata ya yi. Ya kira direban bas, direban ya ce shi dako kawai aka ba shi. Ya tambayi Saje Gamil, Saje Gamil ya ce da baƙin ciki ya sha yi wa yayarsa nasiha a kan tsabtar muhalli, amma babba babba ne. Da aka ce ko ya taɓa karɓar ɗaya daga ciki da hannunsa, duk unguwa ta shaida cewa ko kusa da su ba ya iya zuwa. Wannan kam gaskiya ce, kuma ita kaɗai aka faɗa a ranar.

Kwamitin ya tattara ya koma Alƙahira. Ya bayyana cewa ɗinkin aljihu ya yi nasara, ya ba da shawarar a yi shi a ƙasa baki ɗaya. Ya yafe wa wata dattijuwa kuskuren kai kyauta ofis saboda shekarunta. Ya kuma yaba wa wani saje da aka bincika har cikin danginsa ba a same shi da komai ba. Kotu, wadda takan shekara tana neman tabaranta kafin ta karanta ƙarar talaka, ta yanke wadda Hagg Bayumi ya kai ta korar Bahiga kafin ruwan hunturu ya ɗauke.

Ranar fitarwa 'yan sanda ne suka zo tabbatar da hukunci. Gamil ya ɗauki hutu, ya ce zuciyarsa ba za ta iya gani ba. Suhair ce ta zo da amalanke da jaki. Aka fara sauko da masu rai, a hankali, kwando bayan kwando, tana tsaye tana cewa a kula da fiffike. Talo-talo a gaba aka sa shi, kusa da mai amalanke. Bayan nan aka sauko da gadon ƙarfe da katifa da risho da akwatin tufafi, aka jera a bakin titi, don amalanken ya cika.

"Ni fa?" in ji Bahiga. "Dawowa zai yi ya ɗauke ni?"

Suhair ta matso, ta rage murya, ta dafa kafaɗarta.

"Abla, mun kwana muna wannan maganar, wallahi Gamil ko abinci bai ci ba. Kin san an sa sunansa a ƙarin girma. Ido yana kansa yanzu. Ke kuma, kar ki ji haushi, ke ce wadda kwamiti ya bincika. Ke kika kai musu agwagwa. In aka ga kina kwana a gidansa, me za a ce? Ki ɗan nemi wuri tukuna wajen dangi, har ƙura ta lafa."

"Wane dangi? Shi ne dangin."

"Allah ba zai hana ki ba, ke mai alheri ce. Amma ki riƙa leƙo mu da safe, don ɗurar. Sun saba da hannunki."

Amalanken ya tashi a hankali, don Suhair ta ce kar a girgiza su. Daga can sama an fara jin guduma, Hagg Bayumi zai ɗora sabon hawa. Umm Ragab ta sauko da kofin shayi, ta ajiye a gefen gadon, ta tsaya nesa kaɗan tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Bahiga ta zauna a kan gadonta a bakin titi tana shan shayin. Masu wucewa suna ratse ta. Can sai ga wani kurtu, sabon turowa, gashin bakinsa bai gama fitowa ba.

"Hagga, kin tare hanya. An hana ajiye kaya a titi."

Ya faɗa, amma bai wuce ba. Ya tsaya yana duban kayan ɗaya bayan ɗaya, risho, akwati, katifa, irin duban mai zaɓe a kasuwa.

Bahiga ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Ɗana, kana da yaya mace?"

"Ina da ita."

"Tana da ɗakin kanta?"

"Tana da shi. Me ya faru?"

"Ba komai. In ka je ka gaishe ta. Ka ce wata tsohuwa ta ce ta sa sakata."